Johnstown: yadda birnin ƙarfe ke tunawa da ruwan da ya cinye shi

A maƙabartar Grandview, kan tudun da ke kallon birnin Johnstown na jihar Pennsylvania a Amurka, akwai wani fili da aka jera fararen duwatsun kabari 816, sahu-sahu, babu suna a jikin ko ɗaya. Gawarwakin da ke kwance a wurin 777 ne. Sauran 39 ɗin an ƙara su ne don sahu ya cika, filin ya zauna daidai a ido. Babu wanda ya ɓoye wannan, kuma ba da mugun nufi aka yi ba. Sai dai ya isa ya nuna cewa duk abin da aka gina don tunawa da masifa, sai da wasu suka zauna suka yanke shawarar yadda zai kasance: me za a nuna, me za a gyara wa zama, me za a bari a ƙasa.

Mutanen da ke cikin kaburburan nan ambaliyar ranar 31 ga Mayu, 1889 ce ta kashe su. A lissafin da aka saba bayarwa, rayuka 2,209 ne suka salwanta cikin yini guda, har da yara 396 da gidaje 99 da suka ƙare kaf, ba a bar ko mai karɓar gaisuwa ba. Tun daga lokacin Johnstown take kafa abubuwan tunawa: hasumiya, gidan tarihi, alamomi a jikin bango, wutar da ba ta mutuwa a mahaɗar koguna, har da fitilu masu launi a jikin gada. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya za a ga sun ƙware wajen nuna baƙin ciki da juriya, amma an shafe shekaru fiye da 70 kafin a samu wanda ya nuna wa mai kallo inda ruwan ya fito da hannun waɗanda suka riƙe shi.

Johnstown gari ne da ƙarfe ya gina. Yana zaune a ƙasan kwari, inda kogin Stonycreek da na Little Conemaugh suka haɗu, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. Kamfanin Cambria, ɗaya daga cikin manyan masu narka ƙarfe da ƙera layin dogo a Amurka a wancan zamani, shi ne uban gari: shi ke ba da aiki, shi ke da babban kanti, shi ke da gidajen haya da dama. Mutane kusan 30,000 ke zaune a kwarin, yawancinsu leburori da iyalansu, da yawa baƙi ne daga Jamus, Wales, Ireland da gabashin Turai. Ambaliya ba baƙuwarsu ba ce. Kusan duk bazara ruwa kan shiga tituna, a kwashe kaya a hau bene, a jira ya janye.

Kimanin kilomita 23 daga garin, can sama, akwai madatsar ruwa ta South Fork. Gwamnatin jiha ce ta gina ta da ƙasa da duwatsu, aka gama a 1853, don ta riƙa ciyar da wata hanyar ruwa ta jigilar kaya. Ba a jima ba jirgin ƙasa ya kashe kasuwar hanyar, madatsar ta koma hannun kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, ta fashe a 1862 lokacin da ruwan cikinta bai da yawa, aka bar ta haka. Wani da ya saye ta daga baya ya zare manyan bututun ƙarfen da ke gindinta, waɗanda da su ne ake rage ruwa idan tafkin ya cika, ya sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. A 1879 Benjamin Ruff ya karɓi wurin ya kafa kulob na kamun kifi da farauta don attajiran Pittsburgh. A cikin mambobinsa akwai Andrew Carnegie, Henry Clay Frick da Andrew Mellon, wato mutanen da ƙarfe da gawayi da bankin yankin ke hannunsu.

Gyaran da kulob ɗin ya yi wa madatsar shi ne tushen maganar. An toshe ɓarakar da abin da aka samu, har da tarkacen itace da ciyawa. Ba a mayar da bututun ba, don haka babu yadda za a yi a rage ruwa da gangan. An rage tsawon bangon da ƙafa biyu zuwa uku don saman ya yi faɗin da kekunan doki za su wuce juna. Sannan a bakin hanyar da rarar ruwa ke fita aka kafa raga, don kada kifin da aka zuba da tsada ya tsere, ragar da kowane itace da ganye zai maƙale a jikinta. Shugaban kamfanin Cambria, Daniel Morrell, ya tura injiniyansa John Fulton ya duba a 1880. Fulton ya dawo da rahoton cewa aikin bai yi ba. Morrell ya rubuta wa Ruff, har ya yi tayin sa kuɗinsa a gyara, Ruff ya amsa masa da cewa shi da mutanensa ba su cikin wani haɗari. Morrell ya rasu a 1885, Ruff a 1887, madatsar tana nan yadda take.

A daren 30 ga Mayu aka yi ruwan sama irin wanda ba a saba gani ba. Da gari ya waye tafkin yana ta hawa. Shugaban kulob na lokacin, Elias Unger, ya sa leburori suna ƙara ƙasa a saman bango, suna ƙoƙarin fasa wata mafita, suna fama da ragar da ta riga ta toshe. Wani matashin injiniya, John Parke, ya hau doki ya ruga garin South Fork aka buga waya zuwa ƙasa. An sha jin irin wannan gargaɗi a baya ba abin da ya faru, kuma a lokacin ruwan kogi ya riga ya mamaye titunan Johnstown, mutane suna kan benaye. Wajen ƙarfe 3 na rana ruwa ya haura bangon ya yanke shi. Tan miliyan 20 na ruwa ya gangaro kwarin, ya share ƙauyen Mineral Point, ya ɗauke kawunan jiragen ƙasa a East Conemaugh, ya haɗiye garin Woodvale da masana'antar waya mai ƙaya da ke kusa, ya isa Johnstown da ƙarfe 4:07. Waɗanda suka gani sun ce kafin ruwa, tudun ɓaraguzai suka fara hangowa yana birgima. A ƙasan gari gadar dutse ta jirgin ƙasa ta ƙi faɗuwa, sai komai ya taru a jikinta: gidaje, taragu, dabbobi, mutane, duk waya mai ƙaya ta ɗaure su, faɗin eka 30. Da dare tarin ya kama da wuta. Aƙalla mutum 80 a nan suka ƙone.

An kai ƙara kotu ba sau ɗaya ba, ba a ci ko ɗaya ba. Kulob ɗin a kan takarda ba shi da wata dukiya, mambobinsa kuwa sai an tabbatar da sakacin kowane mutum a karan kansa, abin da leburan da ya rasa komai ba zai iya ba a gaban lauyoyi irin su Philander Knox, wanda shi ma mamba ne. Hukunci ya tsaya a kan cewa abin daga Allah ne. Ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta yi bincike, ta riƙe rahotonta har 1891, ta fito ta ce ko da ba a taɓa madatsar ba ruwan ranar zai fi ƙarfinta. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a Johnstown ko ɗigo bai taɓa shi ba. Kulob ɗin ya aika da barguna 1,000, kamfanin Carnegie ya ba da dala 10,000, wasu mambobin suka ba da nasu, wasu ko sisi. Babu wanda ya biya diyya.

A cikin wannan yanayi aka ƙaddamar da abin tunawa na farko, ranar 31 ga Mayu, 1892, a gaban taron kusan mutum 10,000. Hasumiya ce ta dutse mai tsawon ƙafa 21 a gaban kaburburan nan marasa suna, da mutum-mutumi uku na mata masu wakiltar imani, fata da jinƙai, kamar yadda aka saba a maƙabartun Kirista na wancan ƙarni. Wanda ya tsaya a gabanta zai fahimci an yi babban rashi, kuma an miƙa lamarin ga Ubangiji. Ba zai san akwai wata raga da aka kafa saboda kifi ba.

Bai kamata a yi saurin zargin waɗanda suka gina ta ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan ba a gane su ba, wasu saboda wuta da laka sun sauya kamanninsu, wasu kuma saboda duk wanda zai iya cewa wannan ɗana ne shi ma ya tafi. An yi ta tsintar gawa har Cincinnati, ɗaruruwan kilomita daga garin, an kuma ci gaba da tsinta har 1911. Uwar da ba ta ga gawar 'yarta ba tana buƙatar wurin da za ta je ta tsaya, kuma filin Grandview ya ba ta wannan. Kabari ba wurin shari'a ba ne. Amma akwai wani dalili da bai kai wannan tsarki ba. Gari ne na kamfani. Abincin kowa yana hannun masu ƙarfe da masu layin dogo, kuma su ne suka dawo da aiki da jirgi cikin makonni. Jaridun ƙasar sun yi wa attajiran kulob kaca-kaca, mawaƙa sun zage su, amma takarda iska ke ɗauka. Abin da za a sassaƙa a dutse sai ya bi ta hannun kwamiti, kwamitin kuwa manyan gari ne, masu hulɗar kasuwanci da Pittsburgh. Fushi ya tsaya a bakin mutane, dutse ya ɗauki haƙuri kawai.

Labarin ginin gidan tarihin ambaliyar ma abin dubawa ne. Ruwa ya rushe ɗakin karatu na garin, Carnegie ya ba da kuɗi aka gina sabo a 1891. Shekaru 80 yaran leburori suna karatu a cikin kyautar mamban kulob ɗin da tafkinsa ya kashe kakanninsu. A 1973 aka mayar da ginin gidan tarihin ambaliya, mai bayyana aikin kulob ɗin dalla-dalla. Ko Carnegie ya yi kyautar don nadama ko don ya saba gina ɗakunan karatu a ko'ina, shi da zuciyarsa. A bainar jama'a dai bai taɓa ɗaukar alhakin komai ba.

Jama'ar gari kuwa sun zaɓi nasu abin tunawar, ba tare da kwamiti ba. Wani babban ma'aikacin Cambria, James Morley, yana da mutum-mutumin kare na ƙarfe a farfajiyar gidansa, irin kayan adon da ake saye daga masana'anta. Ruwa ya tafi da shi, aka tono shi daga ɓaraguzai, daga baya iyalin suka ba wa gari aka kafa shi a wani ɗan lambu a tsakiyar birni. Sannu a hankali labari ya tsiro cewa siffar wani kare ne na gaske da ya yi ta faɗawa ruwa yana ceto yara. Masana tarihi sun gaji da ƙaryatawa. Karen ya sha wahala a hannun masu ɓarna har aka ɗauke na ainihin don gyara aka kafa kwafinsa, amma har gobe a nan ake tsayawa ɗaukar hoto. Ina ganin dalilin a fili yake. Hasumiyar Grandview tana can kan tudu, sai an yi niyya a je, kuma ta mamata ce. Karen yana kan hanyar kasuwa, ruwan ya ɗauke shi kamar yadda ya ɗauki kowa, ya kuma dawo. Mutane kansu suke gani a jikinsa. Shi ma dai bai ce komai game da madatsa ba.

Abin da ya fi kowane ƙarfi a cikin garin, a ganina, ba wani mai zane ne ya yi shi ba. A kusurwar ginin majalisar birni akwai ƙananan alluna uku, ɗaya sama da ɗaya, kowanne da shekara. Na 1889 yana kan ƙafa 21 daga ƙasa, sai ka ɗaga kai sosai. Na 1936 yana kan ƙafa 17. Na 1977 yana kan ƙafa takwas da rabi, har yanzu ya fi tsayin duk wanda zai tsaya a ƙarƙashinsa. Ginin kansa bayan ambaliyar farko aka yi shi, an ɗora masa ma'aunin ne don kada a manta. Mai wucewa ba ya buƙatar a yi masa bayani, da jikinsa yake aunawa.

Alluna biyun na ƙasa su ne suka hana a mayar da 1889 tatsuniyar da ta wuce. A watan Maris na 1936 ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya haɗu da ita, garin ya sake nutsewa, mutum fiye da 20 suka mutu. Da an fi haka, ba don wani jirgin hawa tudu mai tafiya da igiya da Cambria ya gina a 1891 ba, wanda ya kwashe dubban mutane zuwa sama. Bayan nan gwamnatin Franklin Roosevelt ta turo injiniyoyin soja suka faɗaɗa kogunan, suka zurfafa su, suka yi musu bango da kankare, aka gama a 1943. Garin ya shiga tallata kansa da cewa ya rabu da ambaliya har abada, don masu zuba jari su zo. A shekarun nan maganar 1889 ta zama abin da manyan gari ba su son a cika tayarwa, domin ba a jawo masana'anta da labarin gawa. Sai daren 19 ga Yuli, 1977, hadari ya tsaya cak a kan kwarin ya zubar da ruwa kusan inci 12 cikin sa'o'i goma. Madatsu shida suka fashe. Ta Laurel Run kaɗai ta kashe mutum 40 a unguwar Tanneryville suna barci. Jimillar mamata ta haura 80.

Akwai wani abin tunawa na 1936 da ba a kafa shi a ko'ina ba, amma ya fi kowanne tsawon rai. Jihar ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan barasa, na wucin gadi, don a sake gina Johnstown. An gama ginin tuntuni, harajin bai tafi ba, sai ma ya hau zuwa kashi 18 a 1968. Kuɗin yanzu baitulmalin jiha suke shiga, amma har yau harajin ambaliyar Johnstown ake kiransa.

Mai karatu a Maiduguri ba sai an yi masa dogon bayani ba. Madatsar Alau ta yi ambaliya a 1994, shekara 30 bayan haka, a watan Satumba na 2024, ta ɓalle ruwa ya shiga Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu da asibitin koyarwa. Tsakanin biyun an haifi mutanen da suka girma, suka yi aure, suka gina gidaje ba tare da sun taɓa ganin inda ruwan farko ya tsaya ba. A wurinmu da an ce abin tunawa sai hankali ya tafi ga mutum-mutumi, wanda mafi yawanmu ba mu yarda da shi ba saboda addini, sai a rufe maganar gaba ɗaya. Alhali layi a jikin bango da shekara a gefensa ba gunki ba ne, kuma kuɗin fenti kawai yake ci. Layin da ruwa ya bari da kansa a bangayen unguwanni kuwa, duk wanda ya samu halin gyara gidansa shafe shi zai yi, kuma ba za a ga laifinsa ba.

A Johnstown, sai a 1964 majalisar dokokin Amurka ta amince a mayar da wurin madatsar kanta wurin tunawa na ƙasa. Nan ne labarin ya sauya baki. Ba a gina komai mai girma ba, an bar abin da ya rage ne a gani: ƙugu biyu na bangon ƙasa, ɗaya a kowane gefen kwari, ciyawa ta rufe su, da wawakeken giɓi a tsakiya inda ruwa ya fita. Mutum yana iya takawa har bakin giɓin ya leƙa, ya juya ya ga hanyar rarar ruwa inda ragar ta kasance, ya ɗaga ido ya ga gidan Unger a kan gangare. Can gaba, a garin St. Michael da masu haƙar gawayi suka kafa a cikin busasshen tafkin, babban gidan kulob ɗin da wasu gidajen hutun mambobi suna nan tsaye da barandunsu, suna fuskantar ruwan da babu shi. A karon farko mai ziyara yana ganin masu tafkin da waɗanda tafkin ya faɗa wa a cikin yini ɗaya, da tazarar da ke tsakaninsu. Duk ranar 31 ga Mayu da yamma ana kunna ƙananan fitilu 2,209 a kan ragowar madatsar da kewayenta, kowace ɗaya a madadin rai guda. Adadin da a takarda bai wuce lamba huɗu ba sai ya cika kwari. Muhimmin abu shi ne wurin da aka zaɓa: an kawo mamatan an ajiye su a ƙofar abin da ya kashe su.

Ilimi ma ya biyo baya, ko da yake a makare. A 2016 masu bincike daga jami'ar Pittsburgh reshen Johnstown suka sake auna wurin da kayan zamani, suka nuna cewa sauye-sauyen da aka yi wa madatsar sun rage ƙarfinta na fitar da ruwa da kusan rabi, kuma da an bar ta yadda aka fara gina ta, mai yiwuwa da ta tsallake wannan dare. Rahoton 1891 ya faɗi ke nan, bayan shekara 125. Har lissafin mamatan ma an taɓa shi: wani Leroy Temple da aka sa cikin matattu ya bayyana da ransa a 1900, ashe ficewa ya yi daga kwarin bai waiwayo ba. Saboda haka wasu 2,208 suke rubutawa, ko da yake fitilun ba a rage ko ɗaya ba.

Me ya sa aka iya faɗar gaskiya a ƙarshe? Wani ɓangare na amsar ba shi da daɗin ji: waɗanda gaskiyar za ta ɓata wa rai sun mutu, ƙarfen da ake tsoron rasawa kuma ya tafi da kansa. Kamfanin Bethlehem da ya gaji masana'antun Cambria a 1923 ya rage dubban ma'aikata bayan ambaliyar 1977, ya rufe ayyukansa a garin a 1992. Birnin da ya kai mutum 67,000 a 1920 bai kai 19,000 ba a ƙidayar 2020. Da aka rasa abin sayarwa, sai aka duba aka ga ambaliyar ce kaɗai abin da duniya ta san garin da shi. Abin da aka yi shekaru ana rufewa don kada ya kori masu jari ya koma jarin kansa. Ba Johnstown kaɗai ba. A Portsmouth ta jihar Ohio, wani tsohon garin ƙarfe da takalma, dogon bangon kankaren da aka gina bayan ambaliyar 1937 an ba mai zane Robert Dafford shi tun daga 1993, ya cika shi da hotunan tarihin garin, ambaliyar tana ɗaya daga ciki, yau motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa a gindinsa.

Wannan sabon matsayi yana da nasa sarƙaƙiyar, kuma gadar dutse ce ta fi nuna ta. Gadar tana nan da bakunanta bakwai, jiragen kaya na bi ta kanta har yau. A 2011 aka gyara fuskarta aka sa mata fitilun da kwamfuta ke sarrafawa, suna sauya launi da dare, ana daidaita su da bukukuwa da ranakun tunawa. Kuɗin daga gudummawar jama'a da ƙungiyoyi aka tara, kuma mutanen gari suna alfahari da ita. Garin da shagunan tsakiyarsa da dama ke rufe yana da haƙƙin ya samu abu mai kyau da zai kalla da dare, ban musa ba. Amma a jikin waɗannan duwatsu ne mutane suka ƙone da ransu, 'yan uwansu na tsaye a bakin ruwa suna jin ihunsu ba su da yadda za su yi. Baƙon da ya ga ja da kore suna wasa a kan ruwa cikin Disamba, in bai karanta allon bayani ba, gada mai kyau kawai ya gani. Fitilun madatsa da fitilun gada duka haske ne, amma na farko ƙidaya suke yi, na biyun ado. Ina ganin da an bar ko baki ɗaya daga cikin bakwai ɗin cikin duhu, da gadar ta faɗi abin da ya faru a jikinta ba tare da an hana garin kwalliyarsa ba.

Akwai kuma rashin daidaito tsakanin ambaliyoyin uku. Gidan tarihi, wurin tunawa na ƙasa, hasumiya, fitilu, duk na 1889 ne. Ita ce mai labarin da ke sayuwa: attajirai masu suna, leburori, tafkin shaƙatawa, wuta a kan ruwa, ƙungiyar Red Cross ta Amurka da shugabarta Clara Barton da suka yi wata biyar suna aikin agaji. Ta 1977 kuwa waɗanda suka tsira daga cikinta suna raye, suna zuwa coci da kasuwa, su da iyalan mamatan ne ke riƙe da tunawa da ita a unguwanninsu. Ba ta da Carnegie da za a nuna da yatsa. Masu alhakinta ofisoshi ne: hukumar da ke riƙe da madatsa, masu duba lafiyar gini da suka ga hanyar fitar ruwan ta yi ƙanƙanta aka ajiye rahoto a aljihun tebur, da shugabannin da suka yi shekara 30 suna gaya wa jama'a ruwa ba zai sake zuwa ba. Irin wannan laifi yana da wuyar sassaƙawa, kuma babu kwamitin da ke ɗokin biyan kuɗinsa. Abin da 1977 ta bari ya fi yawa a littafin doka: a ƙarshen shekarar, bayan wata madatsa ta sake fashewa a jihar Georgia, shugaba Jimmy Carter ya ba da umarnin a duba dubban madatsun ƙasar masu haɗari, a 1978 kuma Pennsylvania ta yi dokar da ta ba hukuma ikon duba kowace madatsa a jihar da tilasta wa mai ita gyara, ko ta gwamnati ce ko ta kulob.